Ƙofar Kudu ta Shiga Ce Kawai

Gubaira, Riyad

Zuwa ga ɗana, mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Babana, ina gaishe ka, ina yi maka sannu da hanya. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ka buɗe takardar nan ka riga ka sauka Beijing lafiya, ka sami ɗaki, ka gane alƙibla, ka yi barcin gajiya. Ummanka na gaishe ka, ko da yake ita gaisuwarta tana cikin jakarka, tsakanin kwalbar yaji da ledar dabino, inda na cusa wannan takarda. Ƙanwarka Jidda ma tana gaisuwa. Ba ka ko tafi ba ta fara auna ɗakinka da ido.

Za ka ce me ya hana in faɗa maka da baki tunda gida ɗaya muke kwana. Ai ka san halina. Da na buɗe baki da niyyar nasiha, faɗa ke fitowa, kai kuma ka sunkuyar da kai kana "ɗayyib, ɗayyib" irin na 'ya'yan Larabawa, ba abin da ya shiga. Shi ya sa na ɗauki biro. Yawancinta a kan sitiyari na rubuta, ina jiran maigidana Abu Nasir a ƙofar asibiti, don haka in ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri. Kuma da gangan na yi ta da Hausa. Ka zauna ka karanta da kanka, ko za ta ɗauke ka kwana da kwanaki. Kada ka kuskura ka haska ta da waya ta juya maka zuwa Larabci, zan gane.

Ga abin da ya tayar da ni. Ummanka ta gaya mini maganar da ka yi mata a kicin kana taya ta yankan albasa. Wai za ka je ka ɗanɗana zangon karatu ɗaya, ka ga gari, ka yi hotuna, sannan ka tattaro ka dawo ka karɓi mota a hannuna, saboda bayana ya fara ciwo, idona kuma ba ya son fitilar motoci. Kada ka ga laifinta, ba ta taɓa iya riƙe magana ta kwana da ita ba. Da na ji, raina ya ɓaci, kuma na ji daɗi har cikin ƙashina, duka biyun a lokaci guda. Daɗin shi ne na haifi ɗa mai tausayi. Ɓacin ran kuwa, an ba ka gurbin karatun aikin jirgin ƙasa, abin da tun kana ƙarami kake manna goshi a gilashin mota kana leƙen ramukan da ake haƙa wa jirgin metro kana damuna da tambaya, shi ne za ka ajiye ka zo ka zauna a kujerata? Haba Babana.

Ni ba malami ba ne, ba zan jawo maka aya ba. Abin da nake da shi kawai, garin nan da ka tafi na riga ka taka shi. Kana yaro lokacin da Abu Nasir, kafilina, wato maigidan da nake tuƙawa tun kafin a haife ka, ya tafi ƙasar Sin sayen injinan sanyi na rumbunsa da ke kasuwar kayan lambu ta Aziziya. Ya tafi da manyan 'ya'yansa, Nasir da Fahad, ya kuma ce sai da ni, domin ni na san lokacin allurarsa ta ciwon sukari, ni nake riƙe jakar maganin. Da aka gama ciniki muka tsaya Beijing 'yan kwanaki don buɗe ido. Da na dawo na ba ku labari mai daɗin, na kawo muku fankar takarda da hular gashi. Na wautar ne ban bayar ba, yau za ka sha shi.

Bari in fara da Babbar Ganuwa. Ranar da za mu je na fito fes cikin farar jallabiya da silifar fata, kamar mai zuwa Juma'a. Mai yi mana jagora wata mata ce 'yar ƙasar, ta manyanta, ta ce mu kira ta Amina. Larabcinta irin na masu karanta labarai ne, nawa kuwa na tasha da kasuwa, amma muna fahimtar juna. Ta dubi ƙafata, ta dubi fuskata, ta ce ba ni da wani takalmin? Na ce mata da wannan na yi Safa da Marwa, da shi na hau Dutsen Arfa, wace ganuwa ce za ta gagare shi? A raina ina ganin ganuwar Kano ce aka ɗan ƙara wa tsawo. Ashe abin a kan ƙoƙuwar duwatsu aka ɗora shi, yana hawa yana gangara har inda ido ya ƙare. Matakalar kuma ba a yi su daidai ba, wata ko taku ba ta kai ba, wata sai ka ɗaga gwiwa har ƙirji. Iska ta shiga jallabiyar nan ta cika ta taf, ina danne ta da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe ƙarfe gam. Ba mu yi wani nisa ba igiyar silifa ta tsinke. Na zauna a matakala ina juya ta, Fahad yana kaina yana dariya har da riƙe ciki.

To ka sayi takalmi mai igiya, ka sa rigar sanyi ko da ka ga rana ta fito. Kuma in ɗan gari ya dubi ƙafarka ya yi maka tambaya, kada ka amsa masa da tarihin wuraren da ka taɓa zuwa. Ka tambaye shi me ya hango.

Kafin takalmin ya tsinke na riga na yi wata wautar. Tun daga ƙasa mutane ke kallona, wasu na ɗaga waya. Wani mutum ya zo da matarsa yana nuna ni yana nuna wayarsa. Na ɗaure fuska tamau, na daka masa tsawa da Hausa, na ce, "Ni biri ne?" Bai ji Hausa ba, amma ya ga fuskar, ya ja matarsa suka wuce. Amina ta ce mini yawancin waɗannan daga ƙauyuka masu nisa suka zo, su ma baƙi ne kamar ni, wataƙila ba su taɓa ganin baƙar fata ido da ido ba. Ban saurare ta ba. To ina zaune ina fama da silifa, wa zai tsaya a kaina? Mutumin nan. Ya tsuguna, ya zaro wata igiya daga jakarsa, ya ɗaure mini takalmin a ƙafa tsaf, matarsa ta ɓare lemo ta miƙo mini. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Ni da bakina na ce wa Fahad ya karɓi wayarsu ya ɗauke mu.

Za a kalle ka, Babana, har ka gaji. Wani kallon na raini ne, ka san shi, a nan ma mun sha shi. Shi wannan ka wuce abinka. Amma yawanci mamaki ne kawai. In ba ka son hoto ka ɗaga hannu ka yi murmushi ka ƙi, ba sai ka haɗa da tsawa ba.

Sai abinci. Wallahi kwanakin farko burodi da dabino da shayi kawai nake ci, don tsoron alade. Duk abin da aka ajiye a tebur sai in ga kamar shi ne. Su Nasir suna cin kifi da shinkafa, ni ina gefe ina tsotsar ƙwallon dabino, cikina yana ƙugi, har wandona ya fara zamewa. Ban tambayi kowa ba, tun daga Riyad na yanke hukunci cewa garin nan ba Musulmi. Ranar Juma'a Abu Nasir ya ce a kai shi masallaci. Na yi dariya a raina, na ce yau za a sha yawo. Amina ta kai mu wata unguwa da ake kira Niujie. Na sauka ina neman hasumiya da ƙubba, ban gani ba. Gini ne na jan katako, bakin rufinsa ya lanƙwasa sama irin na gidajen sarakunansu, na ɗauka wani wurin kallon ne aka sake kawo mu. Da na ɗaga kai sai ga sunan Allah da rubutun Larabci a saman ƙofa. Ga tsofaffi da fararen huluna suna alwala. Wani ya matsa mini a sahu, liman ya karanta Fatiha da wani irin harshe mai taushi, amma ko harafi bai canja ba. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. An ce masallacin ya girmi kakannin kakanninmu.

Da muka fito, layin gaba ɗaya naman rago ne da na shanu, tsire yana ƙamshi, taliya ana jan ta da hannu a gabanka. Na ci har Abu Nasir ya ce a riƙe ni. Don haka ka fara neman masallaci kafin komai, daga nan za ka san inda ake cin abinci. Ka duba koren allo mai rubutun halal a ƙofar shago. Abin da ba ka sani ba ka tambaya, kada ka zauna da yunwa kana ganin taƙawa kake yi.

Sauran wuraren ban yi wauta a cikinsu ba, saboda haka ba ni da nasiha a kansu. Akwai wani zagayayyen gini mai shuɗin rufi inda aka ce sarakunansu ke zuwa roƙon damina mai albarka, akwai kuma fadar da suke komawa lokacin zafi, a bakin wani tafki, da doguwar rumfa wadda duk katakon sama an zana masa hoto. Ka je ka gani, suna da kyau ƙwarai. Ka dai riƙe ruwan sha, tafiyar ƙafa ce ba wasa ba.

Yanzu ga wadda ta sa na ɗauki biro. Waɗancan duk share fage ne.

A tsakiyar garin akwai tsohuwar fadar sarakunansu, wadda ake kira Haramtaccen Birni domin a da talaka ba ya shiga. Gari ce guda a cikin gari, jan bango, rawayan rufi, an kewaye ta da ruwa. Ita Abu Nasir ya fi ɗoki. Tun kafin mu baro Riyad aka yanka mana tikiti da lambar fasfo, har da ni, shi ya faɗa mini da bakinsa a jirgi. Ranar Lahadi da hantsi motar haya ta sauke mu nesa kaɗan, muka taka, aka bincike mu, muka bi ta ƙarƙashin wasu ƙofofi har muka iso wani fili a gaban Ƙofar Kudu. Babana, ban taɓa ganin ƙofa irinta ba. Bango ne ya tashi ta gaba da dama da hagu ya rungume filin, sai ka ɗaga kai hularka ta nemi faɗuwa kafin ka ga samansa. Cunkoso kuwa sai ka ce wurin jifan Shaiɗan.

Abu Nasir yana kan keken guragu saboda gwiwarsa, Nasir na tura shi. Amina tana can gaba da 'yar tutarta. Ni ina baya da jakar magani, da fulas ɗin gahawa, da rigunan sanyin da suka tuɓe. Muna dab da layin shiga sai idona ya faɗa kan wani benci a gefe, a inuwar bango, inda ake ganin ƙofar sosai. Ka san ni da irin wannan wuri. Ko'ina na je a Riyad, asibiti ne, banki ne, gidan biki ne, abin da idona ke fara nemo mini shi ne inuwa mai kallon ƙofa. Ƙafafuna da kansu suka kai ni. Fahad ya waiwayo ya ce, "Ta'al, ya Abu Usman, zo mu je!" Na ɗaga masa hannu na ce, "Ku je, ina nan." Cunkoso ya haɗiye shi. Shi ya ɗauka numfashi zan ɗan mayar in biyo su. Ni kuwa abin da na faɗa shi nake nufi, don ba maganar da na fi faɗa a rayuwata kamar "ina nan".

Ka gane, ba wanda ya hana ni. Ba wanda ya ce direba ba ya shiga. Tikitina yana kan fasfona, fasfona yana aljihuna. Ƙa'idar aikinmu ce kawai ta bi jinina: inda ka sauke mutum nan za ka ɗauke shi, kuma kada ya fito ya neme ka. Da wannan ƙa'ida na ciyar da ku, ban raina ta ba. Sai dai ranar nan ba ni na tuƙo ba, ba mota, ba makulli a hannuna.

Na zauna. Na ɗan sha gahawarsu, ina kallon jama'a, raina fari ƙal. Rana ta take, ta fara karkata. Can na lura da wani abu: mutane sai shiga suke kamar ana zuba hatsi a buhu, amma ban ga ko mutum ɗaya ya fito ba. Ni da nake taƙama da sanin hanya! Maimakon in tashi in bincika, sai na ce wa kaina ai wurin ne da girma, za su fito gaba ɗaya. Na yi azahar a kan bencin da alwalar safe. Lokacin allurar Abu Nasir ya yi, ga jakar a kan cinyata. Nan fa hankalina ya tashi. Na ciro waya, ba layi, don na ƙi sayen na ƙasar, na ce me zan yi da shi tunda kullum muna tare. Na miƙe zan shiga in neme su, na kai har bakin layi, sai na ce to in na shiga suka fito ba su gan ni ba fa? Na koma na zauna. Na sake tashi, na sake komawa. Gumi ya jiƙa ni sharkaf cikin sanyin nan, ba abin da nake gani sai tsohon nan a kwance a ƙasa saboda ni.

La'asar ta yi, aka daina shigar da mutane, filin ya fara sarari. Sai ga Amina ta ɓullo ta gefen ruwa, ba ta ƙofar ba, tutarta a naɗe, tana haki. Ashe bangon fadar ta zagayo da ƙafa. Ta ce, "Ya Abu Usman, me kake yi a nan?" Na ce jiran su nake. Ta dafe kai. Ta ce wannan ƙofar ta shiga ce kawai. Wanda ya shiga ta kudu gaba zai yi ta yi har ya fita ta arewa, ba a juyowa. Tun azahar suka fita, suna can ɗaya gefen suna duba fuskokin masu fitowa, har sun kai maganar wurin masu gadi.

Ta kai ni can, na sami Abu Nasir a mota, an kwantar masa da kujera. Allah Ya rufa asiri, sukarin ya hau amma bai kayar da shi ba. Nan take na yi masa allurar. Na jira faɗa a kan magani, na ma shirya haƙurin da zan bayar. Sai da jikinsa ya dawo, sannan ya ce, "Ka ga zauren sarautar?" Na ce, "Ban shiga ba, ranka ya daɗe." Ya ce, "Me ya hana ka?" Na ce, "Jiran ku nake." Ya tashi zaune, ya zuba mini ido, ya ce, "Wace mota kake gadi? Na ɗauko ka daga Riyad, na ratsa da kai rabin duniya, ka zo ƙofar abin da ba za ka sake gani ba, ka nemi inuwa ka zauna?" Shekarun da muka yi tare ya sha yi mini faɗa a kan latti da taka birki, ban taɓa jin wanda ya shige ni kamar wannan ba. 

Washegari Litinin ce, ranar Litinin kuwa ba a buɗe fadar, jirginmu kuma da yamma. Shi ke nan, ta wuce ni. Amma tsohon nan bai haƙura ba. Da safe ya ce wa Amina ta kai ni wani tudu da ke bayan fadar, daura da Ƙofar Arewa, ya ce kuma in na riƙo ko jaka ɗaya a bakin aikina. Na hau hannu rabbana, da sabon takalmi mai igiya. Daga rumfar da ke ƙololuwa na juyo, sai ga fadar gaba ɗaya a shimfiɗe a ƙasana. Rufi bayan rufi bayan rufi, rana ta buge su suna ƙyalli kamar an shafa musu man shanu. Hanya ɗaya ta ratsa tsakiya a miƙe, tun daga kudu har ƙofar da ke ƙarƙashin ƙafata. Amina ta nuna mini can ƙarshe cikin hazo, ta ce ga inda ka yini jiya. Na yi dariya har na zauna. Ban yi baƙin ciki ba, wallahi, abin da na gani ya ishe ni godiya. Sai dai daga sama ba a ganin abin da ke cikin ɗaki.

A gindin tudun nan akwai lambu cike da tsofaffi. Wasu na rawa a hankali da fanka a hannu, wasu sun yi da'ira suna waƙa, wani dattijo yana rubutu a kan daɓe da ƙaton burushi da ruwa, yana yi yana bushewa, ko a jikinsa. Na tambayi Amina ina 'ya'yansu. Ta ce suna wurin aiki, wasu ma a wasu garuruwan. Na daɗe ina kallonsu, ban ga wanda ya zuba wa ƙofar lambu ido ba.

To Babana, ka ji. Tun da Ummanka ta gaya mini maganarka nake ganin bencin nan. Kai ma inuwa mai kallon ƙofa ka hango, a wurina ka gado, ba laifinka ba ne. So kake ka leƙa ka dawo inda aka sauke ka, kada in fito in neme ka. Allah Ya yi maka albarka da wannan niyya, amma ban karɓa ba. Zangon farko zai yi maka wuya, na sani. Harshensu zai fasa maka kai, sanyi zai shiga ƙashinka, za ka yi kewar shinkafar kabsar Ummanka da tuwonta. Ranar da ka kira ka ji muryata ta yi ƙasa za ka ce ga dalili ya samu. Ba dalili ba ne, mura ce.

Kuma bari in toshe maka hanyar gaba ɗaya, don na san taurin kanka, nawa ne. Ni da Ummanka mun gama magana, Abu Nasir ma ya yarda, ko da yake sai da ya kwana biyu ba ya kula ni. Da zarar Jidda ta gama makarantar da take, zan ajiye makulli, in miƙa iƙama, katin zamana a ƙasar nan, a buga mana bizar fita ta ƙarshe mu koma gida. Gidan nan na Zariya da kuke yi mini dariya a kansa an yi masa rufi, an haƙa rijiya, akwai fili a baya da zan sa tumatir da 'yan awaki. Kafin nan na riga na daina tuƙi bayan magariba, Fahad ya ɗauki wani yana yi. Likita ya ba ni tabarau, bayana kuma na sa masa matashi. Ba wahala nake sha ba, kada ka ƙirƙira mini ita. Na zo ƙasar nan da jaka ɗaya, na sauke farali, na kai uwata ta sauke, na ga kun girma a gabana, ga ka yau a jami'a. Alhamdu lillahi, ni dai na ƙoshi.

Saboda haka in ka juyo Gubaira da rabin karatu, motar da za ka karɓa ba tawa ba ce, ni ɗin ma ba za ka daɗe kana samuna a nan ba. Ka yi gaba. Ka gama abin da ka je yi, ka fito da takardarka, ka same ni a Zariya. Ni zan zagaya in jira ka a can, wannan karon na san ƙofar.

Saura aike ɗaya. Hutun farko da ka samu, kafin Ganuwa, kafin komai, ka yanki tikitin fadar nan tun da wuri don yana ƙarewa, kuma ban da Litinin. Ka tabbata akwai layin ƙasar a wayarka. Kada ka riƙe wa kowa jaka. In ka iso filin Ƙofar Kudu ka dubi gindin bango ta hannun dama. In bencin yana nan ka gaishe mini da shi, amma kada ka zauna. In ka ga wani bawan Allah a kai da kayan mutane a cinya yana kallon ƙofa, ka tsaya ka gaya masa, ko da hannu ne. Sannan ka shiga. Ka tafi a hankali, ka leƙa kowane zaure, ka tsaya a gaban wanda Abu Nasir ya tambaye ni. Hoto kada ya yi yawa, da idonka nake so ka gani. In ka fita ta arewa ka kira ni, ko ina kan hanya zan faka. Ka ba ni labarin abin da ke ciki ɗaki bayan ɗaki, da Hausa, ko da gurguwa ce. Duk shekarun nan in Fahad ya fara ba ni labarin sai in canja magana. Ban san me nake ajiye wa kunnen ba, sai ranar da takardar jami'arka ta zo.

Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya tsare ka daga sharrin mutum da na ƙarfe. Ya haɗa ka da abokai na gari da malamai masu haƙuri. Ya buɗe maka kai, Ya riƙe maka sallarka. Ya shigar da kai lafiya, Ya fito da kai lafiya, Ya nuna mana fuskarka muna da rai. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini faɗana. Ummanka ta ce yajin nan ka riƙa ci da lissafi, ba ta san ranar da za a sami mai kawo maka wani ba.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Abu Usman